Sau-Ɗaya da Saƙo Arba'in da Biyu

A wani bene mai hawa biyu akwai kamfanin kai kaya, ofis a sama, kantar karɓar kaya a ƙasa, jikin shagon wani tela. Ka kawo kwalinka, a liƙa masa takarda, a sa a mota, in ya isa a tura wa mai shi saƙo a waya ya zo ya ɗauka. A sashen kwamfuta na wannan kamfani ne wani bawan Allah yake aiki, wanda kowa ke kira Sau-Ɗaya. Ba iyayensa suka raɗa masa ba, bakinsa ne ya jawo masa. Ko tebur ka ce ya matsar sai ya sanar da kai cewa shi sau ɗaya yake aiki, ba ya komawa. Ya taɓa gyara firintar ofis sau ɗaya, kuma a yi masa adalci, bai koma ba. Ita ma firintar ba ta koma aiki ba.

Su biyu ne a sashen, shi da Anti, wadda ta shekara goma sha bakwai a wurin. Kullum da safe sai ta saka rigar sanyi, ta ɗauki wani littafi mai shuɗin bango, ta shiga ɗakin sabobi. Sabobin nan manyan kwamfutoci ne guda shida a cikin kabad na ƙarfe, su ke riƙe da ran kamfanin. Wata tana buga takardar liƙawa, wata tana bin sawun motoci, wata tana tura saƙonni. Anti za ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta ga ko kowane aiki yana tafiya, ta rubuta zafinsu, ta rubuta wurin ajiya da ya rage, ta rubuta lambar saƙon ƙarshe da aka tura. In wani aiki ya tsaya, ta tayar da shi da hannu. Sau-Ɗaya ya tsani littafin nan kamar shi ya hana shi ci gaba a duniya.

Ana nan sai shugaban sashen ya yi ritaya, kujerarsa ta zauna babu kowa. Sau-Ɗaya yana son kujerar nan har cikin ransa, kuma ba don laushinta ba. Suruki gare shi. Shekara tara ke nan, duk inda tsohon nan ya gabatar da shi sai ya ce, "Ga mijin 'yata, mai gyaran waya ne." An yi masa bayani ya fi sau ashirin. Zai gyaɗa kai ya ce ya gane, sannan ya laluba aljihu ya miƙo wayarsa, wai ba ta ƙara sosai. Abin yana yi wa Sau-Ɗaya ciwo fiye da yadda yake nunawa.

Don haka ranar wata Litinin ya shiga ofishin Manaja da zane a hannu, Anti na biye da shi don an ce ta zo ta ji.

"Yallaɓai, zamanin littafi ya wuce," in ji shi, ya shimfiɗa zanen a tebur. "Manhaja uku zan kafa. Ta farko Mai Sintiri, tana sa ido a kan kowane aiki, da ya tsaya ta tayar da shi kafin ka ƙifta ido. Ta biyu Mai Awo, tana tattara lambobin kowace saba tana zana su a babban allo, kore da ja, kana zaune kana kallo. Ta uku ita ce babba, Uwar Tsari. Zan rubuta mata yadda kowane fayil ya kamata ya kasance. Duk minti biyar za ta zagaya, in ta ga wani ya taɓa wani abu, ta mayar da shi yadda na rubuta."

"Da allo?" in ji Manaja. Shi mutum ne da in ka nuna masa abu mai kala-kala ka gama da shi.

"Babba, yallaɓai. Danna ɗaya, shi ke nan, har abada."

Anti ta ce, "To in Uwar Tsarin ce ta yi kuskure fa?"

"Ba ta kuskure, Anti. Abin da na rubuta mata kawai take bi."

"Ai abin da nake tsoro ke nan, ƙanena."

Manaja ya yi dariya, amma allon ya riga ya shiga ransa. Ya ce nan da mako uku Darakta, mai kamfanin, za ta kawo baƙi. In abin ya yi aiki a gabanta, kujera ta Sau-Ɗaya ce. Anti kuwa sai ta sauka kanta ta riƙa taimakawa, tunda aikin littafi zai ƙare. Anti ta rungume littafinta ta fita.

Da ya koma gida, tun daga ƙofa ya fara shela. Matarsa tana ninke wanki, ta ɗago ta dube shi.

"Abban yara, an ba ka ne, ko za a ba ka?"

"Meye bambancin?"

"Bambancin shi ne ko in gaya wa Baba ko in ja bakina."

"Gaya masa. Ki ce injiniya, shugaban sashe. Ki faɗa a hankali, ki maimaita."

"Na ɗauka kai ba ka son maimaici."

Ya yi kamar bai ji ba.

Washegari ya fara aiki. Maimakon ya zauna ya rubuta wa Uwar Tsari fayilolin ɗaya bayan ɗaya, sai dabara ta faɗo masa. Ya kwafi foldar sabar saƙonni gaba ɗayanta, yadda take a safiyar nan, ya miƙa mata ya ce wannan shi ne daidai, kada ta bar komai ya sauya. Anti tana wucewa ta leƙo ta kafaɗarsa.

"Ka buɗe ka ga abin da ke ciki? Ba duk abin da ke foldar nan ne tsari ba. Akwai wanda na'urar take rubuta wa kanta."

"Anti, in na tsaya buɗe fayil ɗari biyu ɗaya-ɗaya, me ya raba ni da littafinki?"

"Littafina ana buɗe shi," ta ce, ta wuce.

To, a cikin fayil ɗari biyun nan akwai wani ɗan mitsitsi mai layi ɗaya tak. Shi ne wurin da mai tura saƙo, wato aikin da ke aika saƙonni a cikin sabar, ke rubuta inda ya tsaya, kamar yadda mai karatu ke sa tsinke a shafi. Duk saƙon da ya tura sai lambar ta ƙaru da ɗaya, don kada ya sake tura shi. A safiyar da Sau-Ɗaya ya yi kwafinsa, lambar tana kan 8140. Bai san da fayil ɗin ba, bai kuma nemi sani ba.

Sauran kwanakin ya ƙare su wajen ƙara wa gininsa ƙarfi. Ya sa Mai Sintiri ta riƙa gadin Uwar Tsari, ya sa Uwar Tsari ta riƙa gadin Mai Sintiri, in an kashe ɗaya ɗayar ta tayar da ita. Ya mai da sabobin shida tamkar 'yan gida ɗaya, in wata ta mutu ta kusa da ita ta karɓi aikinta nan take. Ya kuma kulle abin yadda babu wanda zai iya sauya babban tsarin sai daga ƙaramar kwamfutarsa. Har maigadi sai da ya tare a ƙofa ya yi masa bayani.

"Wato ita ma mai gadin tana da mai gadi?" in ji maigadi.

"Ƙwarai."

"To, ni shekara goma ni kaɗai nake, ba a taɓa sace ko tsintsiya ba."

Ranar Alhamis da Darakta za ta kawo baƙi ta zo. Sau-Ɗaya ya saka sabuwar riga, ya fesa turare har sai da Anti ta buɗe taga. Ya kai kwamfutarsa ɗakin taro ya haɗa ta da babban allo. Ƙarfe tara daidai, Manaja na tsaye a gefe, ya ɗaga yatsa sama, ya juya shi don kowa ya gani, ya danna. Allo ya cika da kore. Can a gefe wani layi, na yawan saƙonnin da ake turawa, ya fara hawa.

"Ka gani, yallaɓai? Ko minti ɗaya ba a yi ba, sauri ya ninka."

Manaja ya washe baki. Zai tafi ɗauko Darakta da baƙinta sai Sau-Ɗaya ya tsayar da shi. "Yallaɓai, a kulle ɗakin nan, ka tafi da makullin. Akwai masu hannun taɓe-taɓe a ofishin nan." Ya faɗi haka yana kallon inda Anti take. Manaja ya kulle, ya jefa makulli a aljihu, ya tafi.

Abin da ya faru a ɗakin sabobi kuwa mai sauƙi ne. Uwar Tsari ta zagaya, ta tarar lambar nan ta yi nisa da abin da aka rubuta mata, ta mayar da ita 8140. Mai tura saƙo ya duba tsinkensa, ya ga ashe an bar shi a baya, ya kama aiki daga saƙonnin mako uku da suka wuce. Cikin minti biyar ya tura wa mutum ɗari uku cewa kayansu sun iso, su zo su karɓa, kayan da suka karɓa tuni har sun manta. Uwar Tsari ta sake zagayowa, ta ga lamba ta motsa, ta mayar da ita. Ya sake farawa daga kan mutum na farko.

Tara da rabi sai ga tela ya hau bene, tef a wuya, waya a hannu.

"Maƙwabci, zare na yi oda kwanakin baya, na karɓa, har na ɗinke rabinsa. Yanzu saƙo bakwai ke nan wai zarena ya iso. Kyauta kuke rabawa?"

"Matsalar layin wayarka ce," in ji Sau-Ɗaya. "Kashe ta ka kunna."

"Na kashe na kunna, ya shigo biyu a jere."

"To wayar ce ta tsufa."

Tela na sauka, maigadi na hawowa. "Injiniya, mutane sun fara taruwa a ƙasa. Kowa da saƙo a hannu, ma'aikatan kanta kuma sun ce babu kayan kowa."

"Mutum nawa?"

"Da na baro su sha biyu ne. Ga wata mota can tana sauke wasu."

Sau-Ɗaya yana shirin ba shi amsa wayarsa ta yi ƙara. Matarsa ce.

"Abban yara, Baba ya kira ni. Wai kamfaninku ya turo masa saƙo goma cewa kayansa sun iso."

Sau-Ɗaya ya tuna mako uku da suka wuce ƙanen matar tasa ya aiko wa tsohon da tabarau ta kamfanin. "Ki ce masa kuskure ne, ya zauna a gida."

"Na faɗa. Ya ce ai kamfanin da mijin 'yarsa ke shugabanta ba zai yi kuskure sau goma ba. Yana ganin kai ne ka shirya masa kyautar murnar ƙarin girma. Ya ce a nemo masa mai baro."

Ya kashe wayar, ya nufi ɗakin sabobi da sauri. Ya tarar Anti tana ciki tuni, rigar sanyi a jiki, ta zuba wa wani ƙaramin allo ido.

"Zo ka gani," ta ce. "Dubi lambar nan. Tana hawa, ko? Jira." Lamba ta kai dubu takwas da ɗari huɗu da wani abu, sai ta yi tsalle ta koma 8140. "Uwarka ce take mayar da ita."

"Anti, zagina kike yi?"

"Uwar Tsari nake nufi, ƙanena. Kai ka raɗa mata suna."

Ya ture ta gefe, ya ce abu ne na minti ɗaya. Ya buɗe fayil ɗin ya rubuta wata babbar lamba da ka, ya miƙe yana kaɗe hannu. "Shi ke nan. Sau ɗaya." Saƙonni suka tsaya. Ya fara yi wa Anti bayanin bambancin mai ilimi da mai littafi, bai kai ƙarshen jimla ta uku ba lamba ta koma 8140.

Ya kashe mai tura saƙon. Mai Sintiri ta tayar da shi kafin ya ɗauke yatsa. Ya kashe Mai Sintiri, Uwar Tsari ta tayar da ita. Ya kashe Uwar Tsari, Mai Sintiri ta tayar da ita. Ya yi ƙoƙarin kashe su biyun a tare, hannu biyu a kan madannai, harshe a waje, amma ko yaushe ɗaya tana riga shi da ƙiris.

"Gaskiya ginin ya yi ƙarfi," in ji Anti. "Ban taɓa ganin aikinka ya tsaya da ƙafarsa irin wannan ba."

Gumi ya karyo masa a cikin ɗakin da mutum ke rawar sanyi. Ya zagaya bayan kabad ya fizge wayar wutar sabar saƙonni. Shiru na daƙiƙa goma. Sai sabar da ke buga takardar liƙawa ta ga 'yar uwarta ta mutu, ta ajiye nata aikin ta karɓi tura saƙo, daga 8140. Daga ƙasa aka kwaɗa kira cewa firinta ta daina fitar da takarda. Ya fizge ta biyun. Ta uku ta karɓa. Ya kai hannu kan ta ukun sai Anti ta riƙe masa wuyan hannu.

"Wannan ce ke gaya wa direbobi inda za su. Mota ashirin na kan hanya. Ka cire ta, sai ka fita ka nemo su da ƙafa."

"To ya za a yi?"

"A cire fayil ɗin daga babban tsari. Layi ɗaya ne. Ina kwamfutarka?"

Ya dube ta, ta dube shi. Kwamfuta tana ɗakin taro, ɗakin taro a kulle, makulli a aljihun Manaja.

"Masu hannun taɓe-taɓe," in ji Anti a hankali, ta sunkuya tana mayar da wayoyin da ya cire.

Ya kira Manaja sau tara, ba a ɗauka ba, don Manaja ba ya taɓa waya in Darakta na kusa. Ya gwada ƙofar da makullin banɗaki. Ya gwada da cokali. Ya roƙi maigadi ya ɓalle ta, maigadi ya ce shi gadin ƙofa aka ɗauke shi, ba fasa ta ba, sai dai ya je ya gaya wa mai gadin da ke da mai gadi. Ta ƙasan ƙofar ana hango hasken allon, kore shar.

Kafin sha biyu layi ya fita daga kanta, ya wuce shagon tela, ya kai bakin titi. Wata mata ta zo da 'yan uwanta biyu su taya ta ɗauka, don saƙo talatin ta samu, ta lissafa injin niƙa talatin ke nan. Wani malamin makaranta ya baro aji. Wani ya zo ne kawai a cire lambarsa daga duniya, wai tun safe wayarsa ke rawa a aljihu har cinyarsa ta mutu. Tela ya fito da benci yana ba tsofaffi wurin zama, yana kuma nuna musu yadi tunda sun zo. Duk minti biyar sai wayoyin taron su yi ƙara a jere, daga wannan ƙarshen layi zuwa wancan, kowa ya duba, kowa ya yi tsaki.

Sha biyu da kwata motar Manaja ta iso. Darakta ta sauke gilashi ta kalli cincirindon, ta tambayi abin da ke faruwa.

"Kasuwa ce ta buɗe, ranki ya daɗe," in ji Manaja, ƙirji a gaba. "Sabon tsarinmu ne. Tun safe sauri ya ninka."

Ya bi da su ta ƙofar baya, ya buɗe ɗakin taro, ya zaunar da Darakta da baƙi uku. Sau-Ɗaya ya yi wuf zai kai hannu kan kwamfutar, amma duk abin da ya taɓa a babban allo zai fito, ga ido goma a kai. Anti ta raɗa masa daga bakin ƙofa, "Faɗa musu gaskiya ka gyara, minti biyu ne." Ya kalli Darakta, ya tuna kujera, ya tuna suruki. Sai ya gyara wuyan riga. A ransa ya ce minti goma kawai, ya yi bayani su tafa su fita, sannan ya gyara a ɓoye.

"Ranki ya daɗe, kin ga duk kore ne. Kore na nufin lafiya. Wannan layi kuma saƙonnin da muka tura ne. A da a yini muna tura ɗari huɗu. Yau daga tara zuwa yanzu mun wuce dubu goma sha biyu."

Ɗaya daga cikin baƙin ya ce, "Kaya dubu goma sha biyu kuka kai da safen nan?"

"Wato, saƙo daban, kaya daban."

"Saƙon na mene ne in ba na kaya ba?"

"Na... kusantar abokan hulɗa ne."

Darakta ta cire tabarau ta ajiye. Ba ta kai ga magana ba aka ji takun sanda a kan bene, da muryar maigadi yana cewa, "Baba, taro ake yi, Baba, don Allah." Ƙofa ta buɗe. Surukin Sau-Ɗaya ya shigo cikin kayansa na fita, sabon tabarau a ido, waya a ɗage. Ya yi sallama, ya gaida kowa ɗaya bayan ɗaya ba gaggawa, sannan ya hango mijin 'yarsa a gaban allo, fuskarsa ta cika da fara'a.

"Yawwa, ga shi nan. Ku yi haƙuri, 'ya'yana, ba zan daɗe ba. Yaran ƙasa ne suka ce babu kayana, na ce a kai ni wurin shugaba, nawa ne. Kaya arba'in da ɗaya gare ni." Wayar ta yi ƙara a hannunsa. Ya nisanta ta daga ido ya karanta. "Da biyu. Mai baro yana ƙasa yana jira."

Ta tagar da ke buɗe aka ji wayoyin taron suna amsawa a jere, sannan tsakin mutum ɗari ya biyo baya. Darakta ta tashi ta leƙa, ta daɗe tana kallo. Ta dawo ta miƙa hannu, tsohon ya ba ta wayarsa. Ta ja allon sama, ta ja, ta ja. Saƙo ɗaya ne, kalma ɗaya ba ta sauya ba.

"Kasuwa ta buɗe," ta ce, tana kallon Manaja. Manaja ya sami wani abu mai muhimmanci a ƙasan tebur yana dubawa. Ta juya ga Sau-Ɗaya. "Za ka iya tsayar da shi?"

"Ranki ya daɗe, a fasahance..."

"E ko a'a."

"E."

"Tsayar. A nan, muna gani."

Ya zauna. A kan allon da ya kai faɗin ƙofa ya buɗe babban tsari, fayil ɗari biyu suka jeru, bai san wanne ne ba. Ya hau, ya sauka, ya sake hawa. Anti ta tako a hankali ta sa yatsa a kan layi ɗaya. Ya goge shi.

"Saura lambar gaskiya," in ji Anti. "In ka bar shi a 8140, duk wanda aka tura wa saƙo cikin mako ukun nan zai sake samu. In ka zarce, masu kayan yau ba za su ji komai ba. A ina ya tsaya da safe?"

Sau-Ɗaya ya juya ga Mai Awo. Tana da zanen zafi, da zanen sauri, da zanen wurin ajiya, kala bakwai. Ba wanda ya ce mata ta riƙe wannan lambar, don wanda ya kafa ta bai san da ita ba.

Anti ta buɗe littafi mai shuɗin bango, ta lashi yatsa, ta juya shafi. "Yau, takwas da minti hamsin da biyar. 15,962. Rubuta."

Ya rubuta. Kowa ya zuba wa agogon bango ido. Minti biyar suka cika, suka wuce, babu wayar da ta yi ƙara. Daga ƙasa wani ya fara tafi, ban sani ba ko na murna ne ko na gajiya.

Darakta ta karɓi littafin ta juya shafuka kaɗan. "Shekara nawa kike wannan?"

"Sha bakwai, ranki ya daɗe. Wannan na talatin da ɗaya ne."

"A cire abin nasa gaba ɗaya?"

"A'a, abin yana da kyau," in ji Anti. "Gwiwoyina ma sun gaji da zagaye. Sai dai a zauna a buɗe fayilolin ɗaya-ɗaya, a san abin da aka ba shi."

"To ki zauna a kujerar ki sa a buɗe." Darakta ta dubi Sau-Ɗaya. "Kai kuma an ce kanta na neman mai taimako. Mutum ɗari uku ne. Na ƙasa ka ba su haƙuri baki da baki, sauran ka kira su."

"Ranki ya daɗe, ai zan iya haɗa saƙo guda, danna ɗaya kawai..."

Mutum shida suka ce a'a a tare, har da maigadi.

Haka ya sauka kanta da sabuwar rigarsa, turare ya gauraye da gumi. Ya ba mai injin niƙa haƙuri, ya ba 'yan uwanta biyu. Ya ba malamin makaranta, wanda ya sa shi ya maimaita don bai ji nadama a muryarsa ba. Ya ba tela, tela ya ce shi ba komai, ya sami ɗinki huɗu, in da hali a sake ranar Alhamis mai zuwa. Kunya ta ishe shi.

Da layi ya ƙare, saura mutum ɗaya a kan benci. Tsohon ya sallami mai baro tuntuni, ya zauna yana jira, sanda a tsakanin gwiwoyi. Sau-Ɗaya ya zo ya durƙusa a gabansa, ya kasa ɗaga ido.

"Baba, babu kaya. Babu kujera kuma. Ni na ce a gaya maka tun ba a ba ni ba."

"Na gani, ai ina wurin," in ji tsohon. "Ni dama shugabancin nan bai kwanta mini ba. Mutum yana da sana'arsa mai kyau, me zai kai shi?" Ya laluba aljihu ya zaro wayar. "Ungo. Ta cika da saƙo, ta ƙi karɓar na kowa. Share mini su."

Sau-Ɗaya ya karɓa. Tsohuwar waya ce mai madannai, ba ta san a share duka ba, sai ɗaya bayan ɗaya, kuma kowanne sai ta tambaya ko ka tabbata. Ya zauna a gefen benci ya fara. Yana kan na sha tara tela ya leƙo yana tambaya ko Baba na buƙatar ruwa.

"A'a, na gode," in ji tsohon, ya dafa kafaɗar Sau-Ɗaya. "Ka san shi ko? Mijin 'yata ne. In wayarka ta sami matsala ka kawo masa."

Sau-Ɗaya ya mayar da ido kan allon. Wayar tana tambayarsa ko ya tabbata. Ya danna e, ya wuce na ashirin.